Akushin Faci

Lokacin da kamfanin da ya yi aikin dam ɗin Goronyo ya fara kwashe kayansa, na sayi injin juyi guda ɗaya daga cikin tarkacen da suka ce ba za su ɗauka ba. Na yi shekaru ina kafinta a wurinsu, ina haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. A can ne wani tsohon Bature mai kula da shagon kafintoci ya nuna mini yadda ake ɗaura itace a kan injin, itacen na juyawa da gudu, kai kuma kana riƙe da kurfi, ƙarfe mai kaifin baki, kana fere shi har ya zama ƙafar gado ko kwano. In an tashi aiki yakan tattara guntayen katakon da muka zubar, ya yanka su daidai wa daida, ya manna da gam su zama zobe, ya ɗora zobe bisa zobe, sannan ya fere kwano mai launi biyu ko uku. Ni kaɗai nake tsayawa kallo, shi ya sa ni kaɗai na koya.

A motar albasa na ɗoro injin zuwa Wurno. Na kama shago a bakin hanya, rumfar kwano ce aka raba biyu, ni a gabas, wani mai walda a yamma, ɗakin ajiya ɗaya muke amfani da shi, kowa da makullinsa. Tun da wuta ba ta da tabbas, na sayi tsohon injin ban ruwa na haɗa shi da injin juyin da bel. Ƙafafun gado da na kujera su ne ke ciyar da ni. Amma abin da raina ke so shi ne kwanon nan na guntaye, kuma zamani ya taimake ni, domin manyan itatuwan da ake sassaƙa akushi da su sun tafi, wasu ruwa ya shanye, wasu an tumɓuke an yi fadamun shinkafa da tafarnuwa. Abin da ya rage rassa ne da kututture. Ni kuwa reshe ya ishe ni. Nakan haɗa jar ƙirya da farar aduwa da maɗaci, guntu goma sha biyu a kowane zobe, in ɗaure da robar tayar babur, in bar shi kwana uku. Ma'aikatan ban ruwa suna saye su zuba dabino da goro, iyayen amare kuma suna saye don jere. Shekara biyu ina wannan aiki, ko tsagewa babu wanda ya yi.

A shekara ta uku mahaifiyata ta kira ni ta yi mini maganar yayanta. Kawu masassaƙi ne a Lahodu, shi da ubansa da kakansa. Akushinsa sananne ne har Rabah. Amma itace ya ƙare, mutane kuma sun koma kwanon sha da roba, ya zauna ba aiki sai ƙotar fartanya jefi-jefi. Inna ta ce in ɗauke shi ya riƙa taya ni, ba don abin da zai samu ba, don kada zaman banza ya kwantar da shi. Ban yi musu ba. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa kasuwa ne.

Ranar da ya fara zuwa ya ɗauki kwano ɗaya daga kan kanta, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai hanci ya shinshina. Sai ya ajiye ya ce, "Wanga ba akushi ba na, faci na. Akushi icce guda na."

Mai walda ya yi dariya daga ɓangarensa, ni ma na yi. Ban ɗauki maganar da zafi ba a lokacin.

Kawu bai taɓa yarda ya matsa kusa da injin ba, ya ce ƙararsa na shiga masa haƙori. Aikin yankan guntaye na ba shi, kuma ban taɓa ganin ido irin nasa ba. Abin da ni sai na auna da ma'auni sau biyu, shi kallo ɗaya yake yi ya sa zarto, in ka jera guntayen su haɗa baki ba ko hanyar iska. Sai muka raba aiki. Shi zai yanka ya goge da rana ya jera a kwali, ni kuma washegari da safe in shafa gam in ɗaure.

Cikin bazara ne na farko ya fashe. Babban kwano ne, faɗinsa ya kai faifai. Na tada injin, na sa kurfi ke nan ina fere bayansa, sai na ji wata ƙara kamar an harba bindigar toka. Kurfin ya fizge daga hannuna. Da na duba, rabin kwanon na kan injin yana juyawa, sauran babu. Guntu ɗaya ya huda kwanon rufi, rana na leƙowa ta hujin. Wani ya bugi bencin da mutane ke zama a ƙofar shago ya ɓantare masa gefe. Allah ya sa babu kowa a kai, an tafi sallar azahar.

Zuciyata ta tafi kan mai sayar da gam kai tsaye. A Sakkwato nake saye, wurin wani mutum mai kayan gini, kuma na daɗe ina jin ana cewa wasu na surka gam da ruwa da garin rogo su mayar cikin gwangwanin asali. Na ɗauki gwangwanin da guntayen da suka fashe na shiga mota. Na same shi cikin mutane, na yi masa magana da murya sama da yadda ya kamata. Bai yi fushi ba. Ya karɓi gwangwanin nawa, ya ɗauko guntayen katako biyu daga ƙasa, ya shafa, ya ɗaure da waya, ya ce in tafi da su in buɗe bayan kwana biyu, in sun rabu in dawo in faɗa masa duk abin da na ga dama. Bayan kwana biyu na sa guduma. Katakon ya tsage ta wani wuri dabam, bakin gam ɗin bai motsa ba. Duk da haka ban sake saye wurinsa ba. Na ce a raina natsuwar nan tasa ta yi yawa, wanda ya saba da irin wannan ƙorafi ne kawai ke da amsa a shirye haka.

Da sabon gam daga wani shago na haɗa na biyu. Wannan karon na bar shi kwana biyar. Ranar da na ɗora shi a injin ina sanye da singileti, ba komai a fuskata, domin tun da nake ban taɓa sa wani abu ba. Baturen nan yana da wata fuska ta gilashi da yakan sa, mu kuwa dariya muke masa. Na gama bayan kwanon lafiya, na sunkuya ina raraka cikinsa. Ban ji ƙarar ba ma. Na dai ga kaina zaune a ƙasa, wani abu mai ɗumi na shiga mini ido, injin na ta ihu ba kowa a kansa.

Mai walda ne ya kashe injin, ya naɗe mini kai da rawaninsa, ya ɗora ni a babur zuwa asibiti. Girar hagu ce ta rabe har ƙashi. Mai ɗinkin ya ce da guntun ya sauko da faɗin yatsa ɗaya da babu idon. Kawu ya biyo mu a ƙasa. Na gan shi tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana yi mini sannu.

A hanyar komawa gida, mai walda ya rage gudu ya juyo da kai ya ce, "Maƙwabci, wanga abu ba banza ba. Shekara biyu ba ka ga haka ba. Ka bincika, akwai hannu ciki."

Ya faɗa ne don ya taimake ni, yanzu na sani. Amma kwanakin da na yi kwance da ido ɗaya a ɗaure, maganar ta yi ta juya mini, har ta juyo kansa. Wa ke da makullin ɗakin ajiya in ba shi ba? Na tuna ya sha ƙorafi cewa garin katakona na shiga ɓangarensa, wata rana tartsatsin walda zai kama ya cinye mu duka. Na tuna ya taɓa tambaya ko zan koma wani wuri ya haɗe rumfar, don ƙofofin ƙarfen da yake yi sun fi ƙarfin wurinsa. Har saurin da ya yi ya kawo mini ɗauki sai da na saka cikin lissafi, na ce kamar mai jiran abin ya faru. Mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya da rana, wanda ya raɗa wa ɗiyata suna.

Da na koma shago na zama wani mutum. Na canza kwaɗon akwatin da nake ajiye gam. Na ɗaura siririn zare a murfin gwangwanin yadda in an buɗe zai tsinke. In zan tashi da yamma nakan barbaɗa garin katako mai laushi a gaban akwatin don in ga sawu da safe. Na daina cin abinci da mai walda, na ce likita ya hana ni yaji. Shi kuwa a cikin kwanakin nan ya ƙera mini wata garkuwa ta ragar ƙarfe mai maratayi, wadda ake saukewa bisa kwanon yana juyawa, ya kuma kawo mini tsohuwar hular kwano ta babur mai gilashin gaba. Na karɓa na yi godiya, zuciyata na cewa mai laifi ne ke wanke kansa. Amma na sa hular. Tsoro ya riga ya shige ni. In zan tada injin sai in koma gefe, in sa bel a ƙaramin gudu, in tsaya ina saurare. Na ɗauke bencin daga ƙofa na mayar da shi bayan bango.

Zaren bai taɓa tsinkewa ba. Sawu kuma ban ga na kowa ba sai na ɓera. Duk da haka na uku ya rabe, wannan karon cikin ragar, guntayen suka yi ta kaɗawa a ciki kamar tsakuwa a gwangwani.

Matata ce ta fara gajiya da ni. Wata safiya ina karyawa ta ce na koma kallon kowa ta wutsiyar ido, har ita in ta miƙo mini kunu sai na leƙa cikin kofin. Ta ce maimakon in yi ta kallon mutane, mi zai hana in kalli abin da ya fashe. Na ji haushi, amma da na isa shago na zazzage buhun da nake tara guntayen a ciki, na zauna a rana ina duba su ɗaya bayan ɗaya.

Babu guntun da ya karye ta jikin itace. Duk ta bakin haɗi suka rabu, fes, kamar ba a taɓa manna su ba. Gam ɗin ya bushe sarai, yana nan kwance yana ƙyalli, in ka sa farce sai ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ke nan gam bai da laifi, itacen ne ya ƙi karɓarsa. Sai na tuna wasu zobba huɗu da ke rataye a ƙusa, waɗanda na yanka da hannuna makon da Kawu ya tafi Lahodu gaisuwar mutuwa. Na sauko da ɗaya na maka shi da ƙasa. Ya yi tsalle ya gangara, bai yi komai ba. Na ɗauko ɗaya daga cikin na Kawu na sake shi daga tsayin ƙugu kawai. Ya watse gida huɗu.

Kawu yana zaune a tabarmarsa can ciki yana wasa zarto, bai ɗago ba. Ban san ko ya gani ba. Na tattara guntayen na mayar buhu.

Kwana uku ina ɗauke da abin ni kaɗai. Ba zan iya gaya wa Inna ba, ba zan iya tambayarsa ba. Duk abin da ya taɓa yi sai ya dawo mini da wata fuska. Kalmar facin nan da na yi wa dariya. Yadda yake kau da kai in mai saye na yaba kwano. Yadda bai taɓa tsayawa kusa da injin ba, ko da yaushe yana can lungun da guntu ba zai kai ba. Na ce mutum ne da sana'ar gidansu ta mutu a hannunsa, ga ɗan ƙanwarsa na cin abinci da abin da shi yake gani wasan yara. Wani lokaci kuma in tuna shi tsaye bakin ƙofar asibiti, in ji kunya ta rufe ni, in yi istigfari. Bayan sa'a ɗaya zargin ya dawo.

Ranar kasuwar Goronyo na ce masa zan tafi wurin masunta, an ce sun jawo wasu kututturan ƙirya daga bakin ruwa, ba zan dawo ba sai la'asar. Na bar masa aikin zobe shida. Na shiga mota a gabansa. Da muka fita gari na ce wa direba na yi mantuwa, na sauka, na biyo ta bayan gonakin tafarnuwa a ƙasa. Bayan shagon akwai inda kwano ya ɗage daga jikin ginshiƙi. Nan na durƙusa, ni magidanci mai 'ya'ya uku, ina leƙen kawuna ta huji, rana na dukan ƙeyata.

Na daɗe ban ga komai ba sai aiki. Ya yanka, ya goge, ya jera, ya gwada, ya sake goge ɗaya. Har na fara jin daɗi, ina shirin tashi. Sai ya leƙa waje hagu da dama. Ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da wani ɗan gwangwanin tumatur da aka rufe da tsumma. Ya lakato abin da ke ciki, ya ɗauki guntu, ya shafa masa ta kowane gefe, bakinsa na motsi. Sannan ya ɗauki busasshen ƙyalle ya goge shi sosai har ba a ganin alama, ya mayar kwali, ya ɗauki na gaba. Leƙen nan da ya yi da motsin bakin su suka fi tsorata ni, na ce ashe abin ya wuce ɓarna, ya kai ga asiri.

Na zagayo na shiga ba sallama. Ya ɗago, gwangwanin na kan cinyarsa, bai yi yunƙurin ɓoyewa ba.

"Ba Goronyo kac ce za ka ba?"

"Kawu, mi kaka shafa ma iccen?"

Ya miƙo mini. Na kai hanci. Man kaɗe ne, irin wanda Inna ke shafa wa ƙafa.

Ya ce itace ɗan guntu irin wannan, cikin zafin bazara, in aka yanka aka bar shi ya kwana tsirara, bakinsa tsagewa yake yi. Haka ubansa ya koya masa, duk akushin da ya fita hannunsu sai ya sha mai kafin ya kwana. Ya ce tun da zafi ya shigo ya ga wasu guntaye na yin 'yar siririyar tsaga, shi ya sa ya fara. Motsin bakin kuwa salati ne, wanda na san yana yi ko ƙota yake sassaƙa, na dai manta ne don ina neman abin tsoro. Na tambaye shi don mi yake gogewa, don mi yake leƙen hanya. Ya ce don ya san halina, komai sai yadda Bature ya ce, in na gani zan hana, shi kuwa ba zai zauna yana kallon icce na lalacewa ba.

Na ce masa gam ba ya kama inda mai ya taɓa, na kuma ce ina jin na faɗa masa haka tun farko. Ya ce ya ji na ce a kiyaye da mai, ya ɗauka baƙin man inji nake nufi. Har yau ban tabbata ko na faɗa masa maganar gam ɗin ba, ko kuwa a lokacin na ƙirƙiro don in sami abin tsayawa a kai.

Ya kalli ƙurar gonar da ke gwiwoyin wandona. Sai ya ce, "Laɓe kay yi mani."

Na sunkuya na kakkaɓe gwiwoyin.

"Mi kaz zata zan shafa?"

Na mayar masa da gwangwanin ina kau da kai, shi kuwa ya gane abin da na zata.

Don kada a bar abin a baki, na ɗauko guntu huɗu, biyu da ya shafa, biyu da bai kai gare su ba. Na manna su bibbiyu a gabansa, na ce shi ya ajiye su wurinsa. Bayan kwana biyu ya fito da su daga aljihu da kansa. Ya kama marasa man ya murɗa da duk ƙarfinsa, hannun masassaƙi, ba su motsa ba. Ya kama masu man, kafin ma ya yi ƙarfi suka rabu, ɗaya a kowane hannu. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ɗago ya dubi girata, inda zaren ɗinki ya bar sawu, ya ce innalillahi a hankali. Ya tashi ya fita, ban gan shi ba sai washegari.

Akwai kwanoni bakwai da suka tsira daga injin a watannin nan, suna gidajen mutane. Ba za su kashe kowa ba tun da ba juyawa suke ba, amma na san wata rana za su rabe da abinci a ciki, a ce aikina ne. Na yi sababbi na bi gida gida ina musanyawa. Shida ba su ba ni wahala ba. Na bakwai yana Rabah, gidan wani malami, uwargidansa ta saya wa ɗiyarta. Na yi sallama, aka yi mini iso zaure, na yi bayani ta bakin malamin. Uwargidan ta aiko cewa ba ta yarda ba. Ta ce ba a taɓa yin mai sana'a ya biyo kayansa da kansa don ya ba da wanda ya fi ba, lalle na gano na farkon itacensa mai tsada ne, ina so in karɓe in ba ta na banza. Na rantse, malamin ya sa baki, ta ƙi. Da na ce to ta riƙe duka biyun, sai abin ya ƙara ba ta tsoro, ta ce a mayar mini da nawa, ba ta san abin da ke cikinsa ba. Na fito da kwanona a hammata. A mota na yi ta tunanin yadda na ji da aka ƙi gaskiyata a fuskata, alhali ni sau ɗaya aka yi mini, ni kuwa mutum uku na yi wa.

Mai walda na same shi na ce likita ya ɗage mini dokar yaji. Ya matsa mini wuri a bakin kwano. Muna ci ya ce ya ga zaren da nake ɗaurawa, ya kuma ga garin da nake barbaɗawa, shi ya sa duk lokacin nan yake tsallakewa in zai ɗauki kayansa, don kada ya ɓata mini tarko. Na nemi gafararsa, ya ce ya wuce. Amma daga baya ya sa an yanka masa ƙofar ajiya tasa dabam.

Kawu ya ƙara wata ɗaya da ni. Aikinsa ya fi na da kyau, ba mai, ba magana. Guntayen da ke tsagewa muka koma rufe su cikin buhun garin katako, suka daina. Da aka yi ruwan farko ya ce zai koma ya ga gonarsa, bai ce zai dawo ba, ni ma ban tambaya ba. Inna ta tambaye ni ko wani abu ya faru, na ce damina ce kawai. Shi ma abin da ya gaya mata ke nan.

Abu ɗaya ya ci gaba da cina. Bayan na farko ya fashe, Kawu ya ga guntayen da idonsa, mutumin da ya san itace fiye da kowa. Ta yaya bai yi tunanin man ba? In ya yi, don mi ya ci gaba har na kusa rasa ido? Na riƙe tambayar kusan shekara huɗu.

Na je Lahodu da kaka, an ce ba ya jin daɗi. Na same shi ya ji sauƙi, yana zaune gindin rumbu yana ɓare wake da jikokinsa, ƙafafunsa sun kumbura. Na kai masa goro da sukari. Muka yi hirar gero da tsuntsayen da suka addabi masu shinkafa. Da yaran suka tashi, na tattara ƙarfin hali na tambaye shi, na ce ba don komai ba, don zuciyata ta huta.

Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Na yi tunani. Kwana niy yi ina so in gane mi yas sa. Nic ce icce ya bushe da yawa, man da nika sa wa ya yi kaɗan. Sai niƙ ƙara."

Ya ce na biyun, wanda ya same ni, shi ya fi kowanne shan mai, sau biyu ya shafa masa don babba ne kuma ya ga ina ji da shi. Ya faɗa yana kallon waken da ke hannunsa. Na yarda da shi a ranar, kuma yawancin kwanaki har yanzu na yarda.

Ya ce in tsaya in ci tuwo, na ce motar ƙarshe za ta wuce ni. Ya sa aka ɗaura mini wake a ƙyalle in kai wa Inna, ya ce in gaya mata ƙafar da sauƙi, kada ta wahalar da kanta ta zo. Ya rako ni da sanda har bakin garka, wato ƙofar gida, daga nan ya ce ba zai iya gaba ba, na sauka hanya ni kaɗai.